Tsutsotsin Auta

Aina'u ta tattare zaninta ta tsallake jerin kwalaben da ke bakin ƙofar ɗakinta, ta ja dogon tsaki. Kwalba goma sha ɗaya, kowace an ɗaure bakinta da ƙyallen gidan sauro, kowace da reshen ciyawa a ciki da 'yar tsutsa tana ci. Ita da ta yi shekara talatin tana tsince tsutsa daga wake tana watsa wa kaji, yau ga ta tana sanɗa a ɗakinta don kada ta tayar wa tsutsa da hankali.

"Wai karatu," ta ce, alhali ba kowa a tsakar gidan sai akuya. "'Ya'yan wasu su dawo da farar riga suna yi wa mutane allura, tawa ta dawo min da tsutsa."

Muhsina ce autarta, kuma ita kaɗai ce a zuri'arsu ta taka jami'a. Shekara huɗu tana zaune wajen yayarta a Rijiyar Zaki tana zuwa karatun noma. Da damina ta tsaya sai ga ta a Tudun Ɗinya da jaka da littafi, wai aikinta na ƙarshe ne ya kawo ta, wanda in ba ta yi shi ba ba za a ba ta takarda ba. Aikin kuwa a kan wani ɗan mitsitsin faɗa-wuta ne mai launin toka, wanda bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Shi ke zuba ƙwai a jikin wuta-wuta, wannan muguwar ciyawar mai fure ruwan hoda da ke maƙale wa saiwar dawa ta shanye ta. In ƙwan ya fashe, tsutsar sai ta hau cin furen da 'ya'yan ciyawar. Muhsina na son ta ƙirga ta ga ko nawa take cinyewa kafin iri ya zuba ƙasa.

Aina'u ba ta ga hankali a cikin zancen ba, amma auta auta ce. Ta yanka mata kusurwar gabas ta gonar da marigayi mijinta ya bari, inda wuta-wutar ta fi yawa, ta hana kanta tuge ko ɗaya, duk da hannunta na yi mata ƙaiƙayi kullum ta wuce. Muhsina ta bi ciyawa tamanin ta ɗaura wa kowace jan zare da 'yar takarda mai lamba. Sati huɗu ke nan, kullum da sassafe tana tsugune cikin raɓa tana leƙa fure tana rubutu. Matan unguwa suka sa mata Likitar Tsutsa. Aina'u ta ji, a ranta ita ma ta ga sunan ya zauna.

Yau malamarta za ta zo daga Kano ta ga aikin da idonta. Tun da gari ya waye Muhsina ta hau acaɓa zuwa Bici don ta taro ta, ta nuna mata hanya.

Kuskure ɗaya yarinyar ta yi, shi ma ladabi ne ya jawo. Shekaranjiya ta je ta durƙusa ta gaya wa baffanta Abdulmumini, ƙanin mahaifinta, cewa za ta yi baƙuwa daga jami'a. Abdulmumini shi ne shugaban ƙungiyar manoman Tudun Ɗinya, kuma tun ranar da aka zaɓe shi ya daina amsa sunan da aka raɗa masa, sai Ciyaman. Aina'u ta san shi tun yana yawo da majina. A iya saninta, babban aikin ƙungiyar shi ne zuwa taro a sakatariya da dawowa da hular kyauta.

Ta ɗora daron zoɓon da ta haɗa wa baƙuwa a ka, ta fita da niyyar ajiye shi a inuwar bakin gona. Da ta iso dandalin unguwa sai ta ci birki. An kafa rumfa. An kwaso bencinan firamare an jere. Ga tebur an shimfiɗa masa zanin gado, ga lasifika tana tari, ga maroƙi yana gyara murya. Ciyaman na tsaye a tsakiya cikin babbar riga mai sitaci, yana nuna inda za a matsar da wannan da wancan.

"Ciyaman, gwamna ne zai zo?" ta ce.

"Matar yaya, ke dai ba kya ganin nesa," ya ce, yana gyara hula. "Mutanen jami'a ba sa fitowa a banza. In suka ga tsari, gobe sai ki ji an turo taki da irin zamani. Su manya da ido suke ci."

"Malama ɗaya ce fa, tsutsa za ta duba."

"Wannan zancen yara ne. Wa zai ƙona mai tun daga Kano saboda tsutsa?"

Ta taɓe baki ta wuce.

Gonakin Tudun Ɗinya a manne suke da juna kamar haƙora, ba abin da ya raba su sai layin gamba ko 'yar siririyar hanya. Dawa ta fi mutum tsayi, ta fara fitar da kai. Tun kafin Aina'u ta ƙarasa tata gonar wani wari ya doke ta, mai kama da kananzir da ruɓaɓɓiyar albasa. Ta ƙara sauri, zoɓo na fallatsa mata a kafaɗa.

A kusurwar gabas ta tarar da Mati mai feshi, dattijo da furfurarsa, ya goya tanki a baya yana famfa da hannu ɗaya yana watsawa da ɗaya. Ƙasar wajen fes, kamar an share tsakar gida. Can gefe ga tulin wuta-wuta an tara, jan zare na leƙowa ta ko'ina.

"Mati!"

Ya juyo ya zame ƙyallen da ya rufe hanci, yana murmushin wanda ke jiran yabo. "Sannu da zuwa, Inna Aina'u. Kin ga yadda ta fito? Tun asuba muke nan, mu uku."

"Wa ya aiko ku?"

"Ciyaman mana. Ya ce manyan baƙi za su shigo, kada su tarar da gonar gidansu kamar kufai a yi da mu a birni. Ya ce a tuge ciyawar, sannan in bi da magani. Wallahi har ninki biyu na zuba, tsutsar ta yi yawa."

Aina'u ta sauke daron a hankali. Ba ta zage shi ba. Zagin Mati ɓarnar yawu ce, shi da tankin bayansa duk aike ne. Ta je ta tsuguna gaban tulin ta ɗaga ciyawa ɗaya. Takardar jikinta ta jiƙe, lambar ta fara narkewa. A cikin furen ga 'yar tsutsar nan koriya ta nannaɗe, ta yi baƙi ta gefe. Ta taɓa ta da yatsa, ba ta motsa ba.

Sai a lokacin ta tuna yadda Muhsina ke dawowa kullum da gefen siket sharkaf da raɓa, ƙafa duk cizon tururuwa, ta zauna tana kwafe lambobi kafin ta ko kurɓi koko. Ta tuna ranar da zazzaɓi ya kama ta, amma ta lallaɓa ta fita, wai in ta tsallake kwana ɗaya ƙirgar ta ɓaci. Ita Aina'u ce ke da ikon raina tsutsar nan, don ita ta haifi mai ita. Ban da ita ba wanda ta ba wannan izinin.

Ta miƙa wa Mati zoɓon. "Juye a wani abu ku shanye, kun yi aiki." Ya rasa ko godiya zai yi. Ta karɓi daronta ta cika shi da ciyawar har ya yi tozo, ta ɗora a ka ta juya.

Ko da ta iso dandali baƙuwa ta riga ta zo. Ba jerin motoci, ba jiniya, sai wata tsohuwar ƙaramar mota da taɓo ya yi wa lalle. Dakta Hafsatu mace ce gajera mai tabarau, da doguwar riga da takalmin roba irin na shiga gona. An zaunar da ita a bayan tebur, an jera mata lemon kwalba har huɗu, tana ta duban agogo. Muhsina na gefenta a takure, kunya kamar ta nutse. Maroƙi ya gama kiran baƙuwar da farfesan farfesoshi, Ciyaman ya karɓi lasifika.

Ya yi godiya ga Allah, ya yi wa gwamnati, ya yi wa kansa ta bayan fage. Ya ce manoman Tudun Ɗinya sun waye, sun rungumi zamani, abin da ya rage musu taki ne kawai da injin ban ruwa. Sannan ya ɗaga murya.

"Kuma don ki tabbatar, ranki ya daɗe, gonar da za ki shiga yanzu ni da kaina na sa aka gyara ta da safiyar nan. In kin samu ciyawa ɗaya ko tsutsa ɗaya a cikinta, ki cire ni daga kujerata!"

Aka yi tafi. Muhsina ta ɗago kai a hankali, bakinta a buɗe.

Aina'u ta ratsa ta tsakanin bencina, ba sallama. Maza na ja da ƙafafu suna kallonta. Ta isa gaban tebur ta kife daron a kan zanin gadon. Ciyawa ta watse, kwalbar lemo ɗaya ta gangara ƙasa, wari ya tashi.

"Ga gyaran Ciyaman," ta ce. "Gyaran gangar Auzinawa."

Lasifikar ta yi wani ƙara ta mutu. Dakta Hafsatu ta ɗauki ciyawa ɗaya ta juya takardar, ta kai ta kusa da hanci, ta ajiye. Ta dubi Muhsina.

"Duka?"

Muhsina ta dubi uwarta.

"Duka," Aina'u ta ce. "Har ninki biyu."

"Matar yaya, wannan wane irin cin fuska ne a gaban baƙi?" Ciyaman ya ce, ya juya ga baƙuwar yana dariyar yaƙe. "Ki yi haƙuri, Dakta, kin san tsofaffinmu. Ciyawa ce fa. Tsutsa ce."

"Ita na zo gani, Alhaji," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba.

Bai taɓa zuwa Makka ba, amma bai gyara mata ba. "Tsutsar?"

"Tsutsar. Ciyawar nan kun fi ni sanin ɓarnarta. Ƙwaya ɗaya in ta zubar da iri, dubbai ne, kuma suna iya kwanciya a ƙasa shekara da shekaru suna jiran dawa. Wannan 'yar tsutsar tana cin irin tun yana sama. Ba mu san ko cin nata ya kai ya rage wani abu ba. Shi ne yarinyar nan take ƙirgawa."

Wani tsoho a bencin baya ya ce, "Ashe ma'aikaciya ce." Aka yi 'yar dariya, aka haɗiye.

"To ai ni ba a yi min bayani ba," Ciyaman ya ce.

"Na yi maka, Baffa," Muhsina ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ka ce in bari sai ka gama waya."

Daktar ta tambaye ta sati nawa ta samu. Huɗu, ta ce, cikin bakwai da ake buƙata, kuma satin da suka rage su ne masu muhimmanci, don a cikinsu iri ke nuna. Na kwalaben gida fa? Waɗannan don a ga faɗa-wutar da zai fito ne kawai, ba sa maye gurbin gona. Daktar ta cire tabarau ta goge.

"In ba a samu wata hanya ba, sai damina mai zuwa."

Shekara guda ke nan. 'Yan ajinsu su tafi bautar ƙasa, ita ta zauna jiran ciyawa ta sake fure. Aina'u ta zuba wa 'yarta ido tana jiran kuka, ko faɗa, ko wani abu. Sai Muhsina ta ce, "Ba komai, Baffa. Haka Allah ya so."

Wannan ba komai ɗin ya fi feshin ƙona wa Aina'u rai. Ita ta koya mata ladabin, ga shi yau ana yanka ta da shi.

Daktar ta mayar da tabarau ta miƙe ta fuskanci jama'a. "Furen nan yana da kamar sati uku kafin ya bushe. In akwai gonar da wuta-wuta ta yi yawa sosai, wadda ba a tuge ba, ba a yi wa feshi ba, za mu iya farawa yau. Ban yi alkawarin zai isa ba, amma zan duba abin da aka samu. Wa ke da irin wannan gonar?"

Dandali ya yi tsit. Wane magidanci ne zai miƙe a gaban jama'a ya ce ni ne ragon? Wasu suka hau duban takalmansu, wasu suka tuna da carbi. Amma a garin da gonarka ke jingine da ta maƙwabcinka, ba wanda bai san kunyar wani ba. Aina'u ta lura idanu na zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa wuri guda, su taɓa babbar riga mai sitaci su dawo. Shi kuwa mai rigar ya duƙufa yana gyaran wayar lasifika.

Aina'u ta ba su lokaci. Ta ƙirga mazan da ke wajen, sun fi arba'in, kowa da gemunsa. Ba wanda ya yi tari.

"Akwai, Dakta," ta ce. "Can bayan rafi. Tun da aka yi shuka fartanya ba ta san hanyarta ba."

"Matar yaya," Ciyaman ya ce da sauri, "wajen nan da nisa, ga rana, ga baƙuwa ba ta ci komai ba."

"Da takalmin gona ta zo."

Daktar ta riga ta ɗauki jakarta.

Aina'u ce a gaba, baƙuwa da Muhsina na bin ta. Ba a gayyaci kowa ba, amma bencina suka zama wayam. Har maroƙi ya bi sahu, bakinsa a rufe. Suka bi ta tsakanin dawa da gero, suka gangara rafi ruwa iya idon sawu, suka haura. Ciyaman na can baya ya tattare riga a hammata, yana tsallake taɓo.

Ba sai an nuna gonar da yatsa ba. Dama da hagu dawar maƙwabta ce kore shar, ta rufe mutum. A tsakiya kuwa sai ka ce an shimfiɗa atamfa ruwan hoda tun daga wannan iyaka har waccan. Dawar ciki ta tsaya iya gwiwa, ganye rawaya, kamar mai jinya. Tsohon nan na bencin baya ya riƙe haɓa ya ce, "Tabarkalla." Wannan karon ba wanda ya iya haɗiye dariya.

Muhsina ba ta ji su ba. Ta riga ta shiga ta tsuguna. Ta buɗe fure ɗaya, ta buɗe na biyu, ta matsa gaba da gwiwa. Wani ɗan abu mai launin toka ya tashi daga ƙarƙashin ganye ya yi tsalle biyu a iska ya ɓace.

"Dakta!" ta kira. "Kusan kowace akwai. Wannan har uku!"

Daktar ta shiga ta duƙa kusa da ita, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa suna haɗawa da Turanci. Da ta miƙe ta kakkaɓe riga ta ce, "Gonar wa ce?"

Jama'a suka dare biyu, suka bar Ciyaman a tsakiya da gefen riga a jiƙe. Ya yi gyaran murya. Aina'u ta ga lokacin da dabara ta faɗo masa, don kafaɗunsa sun miƙe.

"Tawa ce, ranki ya daɗe. Ai dama da gangan na bar ta. Na ce ƙungiya ta samu wajen gwaji, saboda irin wannan ranar."

"Madalla," Daktar ta ce, fuskarta ba yabo ba fallasa. "To alfarma ɗaya muke nema. Sati uku kada a taɓa ta. Ba noma, ba tuga, ba feshi."

"Wannan kada ki damu, Dakta," Aina'u ta ce. "Shekara uku ma zai iya."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Ciyaman ma ya yi, amma iya haƙora. Aina'u ta ga yadda idonsa ya kaɗa, ta ga ya dubi gonar ya dubi masu dariyar, ya sake duban gonar yana cije leɓe. Ta san wannan kallon tun yana yaro. Haka yake yi in an tsokane shi, kafin ya je ya fasa wani abu.

Jama'a suka fara watsewa, kowa na ɗauke da labarin da zai kai gida. Daktar ta nuna wa Muhsina yadda za ta raba gonar gida huɗu, ta ce za ta dawo ranar Asabar ta sama, Mati ya raka ta wajen mota yana ta ba da haƙurin da ba a nema ba. Ciyaman ya bi su yana tambaya ko za a sa sunan ƙungiya a cikin littafin.

Rana ta take tsaka. Muhsina ta yage takarda tana rubuta lamba ta ɗaya, sai ta waiga ta ga uwarta ta share gindin ɗorawar da ke bakin iyaka ta zauna, ta miƙe ƙafa.

"Inna, ki koma gida mana. Ba ki karya ba."

"Ina nan."

"Har yaushe?"

"Har sati ukun. Da safe tare za mu riƙa fitowa, ke ki tafi in kin gama, ni sai magariba."

"Haba Inna, ai ya yi alkawari a gaban mutane."

"A gaban mutanen aka yi masa dariya," Aina'u ta ce, tana gyara ɗaurin ɗankwali. "Ba ki san baffanki ba. Shekara goma bai yi zuciyar noma ba, amma gobe da asuba zai iya yi."